Ɗorawar Iya Cikin Gwangwani

Sabuwar Unguwa, Maradun
9 ga Janairu, 1979

Zuwa ga Yayana Jafaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Baba da Inna suna gaishe ka. Yaya aiki, yaya Mafara? Ɗanasabe direba na ba wannan takarda, ya ce ya san inda leburorin dam suke zama. Ka yi haƙuri da rubutuna, tun da na gama firamare ban riƙe biro ba sai yau.

Ba ka ga inda aka dawo da mu ba tun da ruwan dam ya ci Tungar Jatau. Ƙasar ja ce, duk tsakuwa. Babu itace ko ɗaya, daga ƙofar gidanmu har inda ido ya tsaya. In rana ta yi tsaka, awaki sukan jeru a jikin bango suna bin 'yar inuwar da ta rage. Itacen girki kuwa ni da Inna sai mun yi tafiyar hantsi guda kafin mu samu.

Maganar kakarmu Iya ce ta sa na rubuto. Tun ranar da Baba ya je bakin ruwa ya dawo ya ce ɗorawarta uku sun nutse, sai kawunansu ake gani, ba ta ƙara fita tsakar gida ba sai da lalura. Tana zaune a ɗaki ƙarƙashin kwano, ga zafi. Ba ta faɗa da kowa. Ka san Iya, ranar da ba ta yi wa mutum faɗa ba to ba lafiya. Tuwo loma biyu take ci ta ture.

Kalwar da muka roro daga itatuwan nan kafin ruwa ya zo, Inna ta dafa ta ƙarshe ta yi daddawa. Kafin ta zuba a tukunya na ɗebi hannu biyu na ɓoye a tsohuwar jakar makarantata. Ban gaya wa kowa ba. In wannan ta ƙare, irin ɗorawar Iya ya ƙare a duniya. So nake in shuka. Na riga na binne hannu ɗaya a bayan rumbu, ina zuba ruwa mako uku, ko ɗaya bai fito ba. Na tona na gan su yadda na sa su, kamar tsakuwa. Wasu gara ta tafi da su. Saura hannu ɗaya, kuma ina jin tsoron taɓa shi.

Yaya, an ce akwai malaman gona a wurin aikinku. Don Allah ka tambayar mini yadda ake yi. Kada ka ce ni ce. Kada kuma ka gaya wa Iya in ka zo, ba na so in sa mata rai abin ya ƙi.

Ka huta lafiya.
Ni ce ƙanwarka,
Kubura

Talata Mafara
23 ga Janairu, 1979

Zuwa ga Kubura,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Ki gaishe da Baba da Inna da Iya. Ashe bakin da ba ya iya cewa sannu a gaban baƙo ya iya cika takarda gaba da baya! Sai da na karanta sau biyu kafin na yarda ke ce.

Na tambayi malamin gona kamar yadda kika ce. Ya yi dariya, ya ce shi alkama da tumatir aka koya masa, ɗorawa kuwa ai ba a shuka ta, fitowa take yi. Ya ce ko ta fito sai ta shekara goma ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. Lokacin nan kina can gidanki da goyo, Malama mai gandun daji.

Amma bari in gaya miki gaskiya. Kin san aikina a nan? Ni ke ɗaura sarƙa a gindin itace, katafila ta ja. Ana daidaita ƙasa ne saboda hanyoyin ruwa na noman rani, duk itacen da ya tsaya a hanya sai ya kwanta. Shekaranjiya muka kayar da wata ɗorawa da ta fi ta Iya girma. Mai ita, wata tsohuwa, ta zo ta zauna a kan kunya tana kallo. Ba ta zage mu ba. Da ɗorawar ta faɗi sai ta tashi ta karyi reshe ɗaya ta tafi da shi. Na so a ce zagina ta yi. Da yamma takardarki ta iso.

Abin da zan ce miki, ki rubuta wa Goggo Hindu a Damri. Tun tana yarinya take daddawa tare da Iya, babu abin da ba ta sani ba a kan kalwa. Na kuma ba Ɗanasabe buhu, a ciki akwai gwangwanayen madara goma sha huɗu da na tsinto a jujin kamfani. Na wanke su, na huda gindinsu da ƙusa. Na ga masu renon tumatir a nan haka suke yi. Ya fi ki zuba wa gara abinci a ƙasa.

In Inna ta tambaya ki ce na awon gero ne. Kai, kada ki ce komai, ke ba ki iya ƙarya ba.

Yayanki,
Jafaru

Sabuwar Unguwa, Maradun
6 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga Goggo Hindu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina gaishe da Malam Barau da mutanen gida duka. Allah ya sa kun wuni lafiya, yaya gajiya, yaya jama'ar Damri.

Goggo, ki gafarce ni da na rubuto miki alhali ban taɓa yi ba. Ina da kalwa cikin hannu ɗaya daga ɗorawar Iya wadda ruwa ya ci. Ina so ta tsiro. Na gwada a ƙasa ta ƙi. Yaya Jafaru ya ce ke za ki san dalili. Iya ba ta san ina da kalwar ba, Inna ma haka.

Jikin Iya da sauƙi, ba ciwo take yi ba, amma ba ta magana.

Ni ce ɗiyarki,
Kubura

Damri, Bakura
20 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga ɗiyata Kubura,

Amin wa alaikumus salam. Ni ce Goggonki Hindu, maigida Malam Barau ne ke rubuta mini, kuma na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara. Ina gaishe da ɗan'uwana da Innarki. Ki durƙusa ki gaishe mini da Iya, ki ce ina nan tafe in Allah ya kai mu bayan salla.

Mu nan ruwan da ya yi muku yawa shi ne ya yi mana kaɗan. Bana gulbi bai hau fadama ba, tun da aka tare shi can wajenku. Shinkafa ta tsaya ta bushe a tsaye. Rijiyarmu sai da aka ƙara wa guga igiya. To, sai haƙuri.

Ke kuma mi ya sa kika binne kalwa ɗanya? Ba ki ga wahalar da muke sha kafin ta yi laushi a tukunya ba? Ɓawonta ƙarfe ne. Ga yadda za ki yi. Ki tafasa ruwa, ki sauke daga wuta. Ki ji da kyau, ki sauke. Kada ki bar ta a kan murhu, in ba haka ba daddawa za ki shuka. In ruwan ya daina motsi ki zuba kalwar, ki rufe, ki bar ta har gobe. Wadda ta kumbura ita ce mai rai, wadda ta taso sama ki zubar. Ƙasar gwangwani ki haɗa da yashi da busasshen kashin awaki. Ki sa biyu biyu, kada ki nutsa su fiye da gaɓar yatsa.

Ba wanda ya koya mini wannan. Ina kamar ke na zubar da kalwa cikin ruwan wankan Iya ranar da ta haifi autanmu, na ji tsoro na kwashe na watsa a bayan danga. Bayan kwana goma sai ga su sun fito cunkus. Tumaki suka cinye. Iya ba ta sani ba har yau, kada ki faɗa mata.

Malam ya ce in gaya miki dasa itace lada ne. Na ce masa shi bai taɓa dasa ko zogale ba. Ya ce wannan ba zai rubuta ba, na ce sai ya rubuta.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki,
Hindu

Sabuwar Unguwa, Maradun
17 ga Afrilu, 1979

Zuwa ga Yayana Jafaru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, ina jira ne in ga abin da zan ce.

Yaya, sun fito. Na yi yadda Goggo ta ce. Gwangwani tara suka tsiro, biyu suka mutu da zafin nan, saura bakwai. Ganyensu ƙanana ne a jere kamar haƙoran mashaci. Babbansu ya kai tsawon tafin hannuna.

Ruwa ne wahala. Tanka sau biyu take zuwa a mako, rijiya kuma da nisa, ba zan iya ɗibar na randa in ba itace ba. Sai na riƙa yin alwala a kansu, yau wannan gobe wancan. Ruwan ɗaurayar kwano wanda ba sabulu ma ina tara musu. A haka Inna ta gane. Ta ga kullum ina ɗaukar buta in zagaya bayan rumbu in daɗe, har ta ce wa Baba Kubura ta fi kowa tsoron Allah a gidan nan. Ranar Laraba ta biyo ni.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, “Ɗorawa ce wannan?” Na ce e. Ta ce, “Wa ya sa ki?” Ta zauna a ƙasa, ta ce ashe ban sani ba, ba a shuka ɗorawa. In ka tarar ta fito a gona sai ka kewaye ta da fartanya ka bar ta, amma wanda ya sa ta a ƙasa da hannunsa ba ya kai ga cin 'ya'yanta, mutuwa yake yi kafin nan. Ta ce haka ta ji daga iyayenta, kuma a Tungar Jatau duka ba wanda ya taɓa gwadawa.

Baba ya je ya tambayi Liman. Liman ya ce camfi ne, babu shi a littafi, ajali na Allah ne. Baba ya dawo ya faɗa. Inna ta ce ta ji, ta kuma yarda da Liman, amma ita ta binne 'ya'ya mata biyu kafin ta same ni, ba da ni za a gwada ba. Abin da Baba ya yanke shi ne su zauna a gwangwani, wannan reno ne ba shuka ba, amma ba zan sa su a ƙasa ba.

Ba za su zauna ba, Yaya. Saiwar ta fara leƙowa ta hudar da ka yi. In damina ta faɗi ba a dasa su ba, nan za su shaƙe su mutu. Na shirya maganar da zan yi wa Inna, na maimaita ta a hanyar rijiya har na haddace. Da na zo gabanta sai na ce mata ko in ɗora ruwa.

Ni ce ƙanwarka,
Kubura

Talata Mafara
8 ga Mayu, 1979

Kubura,

Salam. Na gaishe ku duka. Bakwai! Ni da na ɗauka gwangwanayena za su koma gidan kaji.

Na aika wa Inna saƙo ta bakin Ɗanasabe cewa ni zan zo in dasa. Mutumin da ya kayar da abin da na kayar, ai ko bakwai ɗin nan ya tayar. Kin san amsar da ya kawo mini? Ta ce in na kuskura na taɓa su ba ta yafe ba. Ɗanasabe ya ce shi ma ya so ya ce zai yi, sai ya tuna yaransa ƙanana ne. Kin ji direban da ke gudu da mota ba birki!

Ba zan saɓa mata ba, ke ma kada ki saɓa. Amma akwai wadda ba ki tambaya ba, kuma itatuwan nata ne. Na san kin ce kada a sa mata rai. Wancan lokacin ba ki da komai sai kalwa a jaka. Yanzu kina da abin nunawa. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ɗauki ɗaya ki shiga.

Yayanki,
Jafaru

Sabuwar Unguwa, Maradun
19 ga Yuni, 1979

Zuwa ga Goggo Hindu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ladabi. Ina gaishe da Malam Barau da mutanen gida. Allah ya ba ku damina mai albarka. Yaya Jafaru ya ce ya ba ki labarin abin da Inna ta ce a kan ɗorawar. Ga abin da ya biyo baya.

Mako biyar ina ɗaukar gwangwani in kai ƙofar Iya in dawo da shi. Ranar Asabar aka yi ruwa mai yawa har ƙasar nan mai tauri ta jiƙu. Ranar Lahadi da hantsi na ga ɗaya ganyenta ya fara rawaya. Na ɗauke ta na shiga, ban tsaya yin tunani ba.

Iya tana zaune a kan tabarma. Na gaishe ta, na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa ganyen ta ƙasa. Ta ce, “Ina kika samo?” Na ce, “Taki ce, Iya.” Ta ce, “Wacce daga ciki?” Na ce daga masakin da aka ajiye daban na ɗiba. Ta ce, “Ta bakin hanya ke nan. Ita ce mai zaƙin gari.” Sai ta ɗaga gwangwanin ta ga saiwar ta fito ta nannaɗe. Goggo, sai ta hau ni da faɗa. Ta ce wane irin sakarci ne a ɗaure itace kamar ɗan akuya, me nake jira, ko sai ta yi magana ta roƙe ni? Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Na gaya mata abin da Inna ta ce. Ban san yadda maganar ta fito ba, amma ta fito duka. Can Iya ta ce in miƙo mata sandarta.

Ta fito tsakar gida ta kira Inna. Inna ta zo ta durƙusa. Iya ta ce, “Abin da kika faɗa wa yarinyar nan, ni ma haka na ji. Ban ga laifinki ba. To amma mi aka ce? Wanda ya sa ta a ƙasa da hannunsa, ko ba haka ba?” Inna ta ce haka ne. Iya ta ce, “An ce wani abu a kan mai haƙa rami?” Inna ta ce ba ta ji ba. Iya ta ce, “To Kubura ta haƙa. Ni zan sa.”

Inna ta ce, “Haba Iya, don Allah.” Iya ta ce, “Ke, shekaruna nawa? Ko ban shuka ba kina ganin zan ci garin ɗorawar da ba ta kai gwiwa ba? In abin yana son wani, ga ni, ban da aikin yi. In kuma ƙarya ne, an huta.”

Baba ya ba ni dagi. Na haƙa bakwai, uku a ƙofar gida, huɗu a gefen gonar da aka ba mu. Iya ce ta nuna wuraren, ta ce a ba su tazara, ɗorawa ba ta son maƙwabci. Na yanka gwangwanayen da wuƙa don kada saiwar ta karye. Ita ta ɗaga kowace ta sa a rami da bisimilla, ta tura ƙasa ta danna da tafin hannu. Ba ta bari ko yatsana ya taɓa ƙasar rufewa ba. Sau biyu na miƙa hannu ta buge shi. Zuwa gona sai da muka tsaya ta huta sau uku. Maƙwabta suka fito suna kallo, wata ta ce Iya an warke, Iya ta ce, “Da wa ya ce miki ciwo nake?”

Inna ba ta bi mu ba. Da muka dawo mun tarar ta dama wa Iya fura ta ajiye, ta shiga ɗaki.

Ni ce ɗiyarki,
Kubura

Sabuwar Unguwa, Maradun
10 ga Yuli, 1979

Yaya Jafaru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na san Goggo ta aiko maka da labari.

Shida sun kama. Ɗaya ta gona akuya ta cinye. Iya yanzu a ƙofar gida take wuni da sanda, duk dabbar da ta matso sai ta ji sunan ubangidanta. Ta ce in gaya maka in za ka zo ka taho da ƙaya mai yawa a motar Ɗanasabe a yi musu shinge, tun da ka iya sare-sare.

Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ni ma na yarda da abin da Liman ya ce, Yaya, wallahi na yarda. Amma kowace safiya kafin in ɗauki tulu sai na tsaya a bakin ƙofar Iya, har in ji ta yi tari ko ta motsa, sannan in tafi rijiya.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Kubura